Ranar da Inna Tat Tsallake Kawu da Ruwa

Sunan innata Elizabet, amma can Tama inda anka haihe ta ba wanda yas san wanga suna, su Cima sunka sani. Ni Murna, ɗiyarta ta hwari. Matan zumunta na majami'armu sunka ce in rubuta labarinta tun ban mance ba, to ga shi yadda nis san shi.

Inna ta zo garinga shekarar babbar yunwa, tana budurwa, ta kawo kakarmu asibitin mishan da tarin huka. Wata bakwai sunka yi. Kaka ta warke ta koma Tama, ita Inna taz zauna don ta samu aikin wanke tukane a madahwar asibiti, nan taj ji Bishara tab bi, nan kuma tag gamu da babanmu Jonatan mai wankin zannuwan gadon marasa lahiya.

Da tak koma Tama gaida gida bayan an yi mata baptisma, ba wanda yaz zage ta, ba wanda yat taɓa ta. Abin da anka yi kawai, anka ware mata ƙoƙon shan ruwa anka rataye shi ga danga, nesa da randa. Ta sha ta rataye, kowa na kallo. Sai wanta Alƙasim yat tashi daga tabarma, yas sauko da ƙoƙon, yaɗ ɗebi ruwa yash shanye gaban kowa, yac ce, "Kai, ƙoƙon Cima ya hi naku sanyi." Labarin ga Inna ta ba mu shi ya hi sau ɗari, kuma kullum in ta kai wurin sanyin ƙoƙo sai ta yi dariya ta goge ido da bakin zane.

Gidanmu bakin hanyar asibiti shike, kuma tun kahin a haihe ni Inna ta kahwa randa biyu ƙarƙashin rumhwar ƙohwar gida. Masu jinya daga Keita, daga Deule, daga Babankatami, Buzaye, Hillani, duk wanda rana tad daka sai ya raɓu da rumhwar Inna. Ƙwarya guda gare ta, ta kowa da kowa, kuma ba ta bari mutum shi ɗiba da kainai, ita za ta ɗebo ta durƙusa ta miƙa, ba ta tambayar sunanka sai ka sha. Ni da ka zuwa pampo sau shida a rana ni nis san nauyin kirkin Inna, har wuyana na ciwo. In na yi gunaguni ta ce, "Ke Murna, kanki ɗai ka ɗauka, su da ƙahwa sunka zo daga Keita."

Kowace shekara bayan girbi Kawu Alƙasim shina zuwa da buhun hatsi bisa motar kasuwa. Su biyu suna da wani wasa nasu. In ya iso ba shi gaida ta, ba shi kallonta, sai shi wuce shi zauna gehen randa ta hagu shi ɗaure huska awa baƙon da bai san kowa ba. Ko mutum goma na zaune shi za ta hwara ba. Sai ya shanye shi ce, "Yanzu nig gan ki, Cima. Ina gajiya?" Ita kuma ta ce, "Yaya, tsuhwa bai hana ka wasan yara ba?" Shekara ashirin da wani abu ba su taɓa hwashi ba.

Cikin 1995 Inna taj ji wani ƙulli ga nononta na dama. Ta ɓoye shi wata huɗu, sai da Baba yag gani yak kai ta da hwaɗa. Anka ce ciwon daji na, anka yi mata aiki anka cire nonon duka. Ta warke, ta yi ƙiba ma, ta tashi cikin majami'a ta ba da shaida, matan zumunta sunka buga tukane har ƙura ta tashi. Kawu ya zo da akuya. Mu dai mun ɗauka an gama.

Damanar 1997 ciwon kai yah hwara. Da sahe shika kama ta, wani lokaci da amai, rana na yi sai shi sake ta, ta ce zahin murhu na. Sai wasu abubuwa sunka biyo baya waɗanda mu dariya munka yi musu, Allah shi gahwarta muna. Tana buge kahwaɗar hagu ga ƙohwar ɗaki. Ta ci tuwon rabin akushi ta bar rabi ta ce ya ƙare. Wata rana ta share tsakar gida, gehe guda tas awa an lashe, ɗayan gehen duk kashin awaki, Baba yac ce, "Elizabet, wancan gehen na maƙwabta na?" Har ita ta yi dariya. Ba wanda yac ce a ɗauko karne, katin asibiti, a koma wurin lokotoro, wato likita, don mu ga nono munka san ciwon, kuma nono ba shi nan.

Ranar da abin yah hwaru Alhamis ta, bayan girbi, wajen azahar. Ina dawowa daga pampo da bokiti bisa kai sai nih hango mutane ƙarƙashin rumhwa. Kawu na, ya zo da mutum biyu na Tama, ɗaya Maiguwa, wani mai babbar murya wanda labari ba shi kwana bakinai. Shi yay yi sallama, muryatai ta danne ta kowa. Kawu ya wuce wurinai gehen randa ta hagu ya ɗaure huska yadda yas saba.

Inna ta hito da ƙwarya cike daga tulun ɗaki. Ta durƙusa gaban Maiguwa ta ba shi. Ta ba na biyu. Ta ba wata Bahillata mai goyo da ka zaune can. Kawu ya riga ya miƙa hannu biyu, ina ganinai, hannuwan na sama, huska ta hwara sakewa za shi yi murmushi. Inna ta miƙe, ta wuce ta gabanai har zanenta ya goge gwiwatai, ta zuba sauran ruwan ga gindin zogale ta shige gida.

Ban san minti nawa hannuwanai sunka yi sama ba. Ni kaina na tsaya da bokiti, ruwa na zuba ga bayana. Maiguwa yac ce a hankali, amma a hankalin Maiguwa kowa na ji, "To, Malam Alƙasim, yau kai anka ware ma ƙoƙo." Kawu ya sauke hannuwanai. Ya tashi, ya jingine buhun hatsi ga bango, ya kaɗe riga yab bi hanyar tasha.

Na aje bokiti nish shiga da gudu nic ce, "Inna, Kawu hwa?"

Tac ce, "Wane Kawu?"

"Kawu Alƙasim! Kin wuce shi, kin zubar da ruwa gabanai!"

Tac ce, "Ke ɗiyar ga ba ki da kunya? Yaya bai zo ba, da ya zo da ban gan shi ba?"

Na ja ta waje nin nuna mata buhu, ga ɗinkin bakinai da jan zare irin na Kawu. Ta shahwa zaren ta zauna ƙasa. Na ruga tasha, mota ta riga ta tashi.

Sau biyu Inna na aika saƙo Tama da masu jinya, ba amsa. Abin da yad dawo muna shi na, labari ya gama gari, wai Cima ta jira shekara ashirin ta rama abin da anka yi mata, kuma ga wanda yas so ta tar rama. Nan ma cikin majami'a wasu sun hwara raɗa, wannan ta ce iska, waccan ta ce girman kai ya shige ta tun da taw warke. Inna ta daina hita rumhwa. Ni ka ba mutane ruwa, kuma ba su sha da daɗi awa da.

Lahadi ta ukku ta hwaɗi cikin majami'a ana tsakar waƙa, hannun hagu da ƙahwar hagu na hizga, kumhwa ga baki. Anka ɗauke ta cikin tabarma zuwa asibiti.

Washegari lokotoro, wata baturiya mai hurhura, ta duba ta, Malam Shadrak mai jinya shina juya magana zuwa Hausa. Ta haska cikin idon Inna da wata ƙaramar hitila ta daɗe tana leƙe. Sannan ta zauna gabanta tac ce ta kalli hancinta kada ta juya, ta ɗaga yatsa biyu ta dama. Inna tac ce biyu. Ta ɗaga ta hagu ta kaɗa su, ta kawo su kusa har kamar ta taɓa kumatu, Inna tac ce, "Ina jira, ki ɗaga mana." Nan nit tuna da hannuwan Kawu.

Malam Shadrak yac ce muna idon lahiya lau shike, ciwon cikin kai shike. Yac ce tun kahin a cire nono wani ɗan iri na ciwon ya ɓalle ya bi jini ya je ƙwaƙwalwa ya kwanta, yanzu ya girma ya danne wurin da ka kula da gehen hagu, shi yas sa duk abin da ke hagu ga Inna awa babu shi duniya. Baba yac ce, "To jiki bai kore shi? Ai kun ce jiki na da sojojinai." Lokotoro ta yi magana mai tsawo. Malam Shadrak yac ce, cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu aikin tunani, akwai kuma wasu masu yi musu hidima, su ka ba su abinci, su share musu datti, su tsare musu ƙohwa, in wuri ya ji rauni su kewaye shi. Yac ce ba a gama sanin abin ba tukuna, amma masu bincike na zaton in irin ciwon ga ya iso, masu hidimar nan suna kewaye shi su ma, wani lokaci maimakon su kashe shi sai shi samu wurin zama da abinci ta wurinsu.

Inna na kwance ido ruhe, mun ɗauka ba ta ji. Sai tac ce, "Ashe har cikin kaina ba a korar baƙo." Malam Shadrak ya juya ma lokotoro maganar, ita ma ta yi murmushi amma idonta ya cika.

Tac ce ba a iya aikin kai nan, ko Yamai ba za a iya cire shi ba. Ta ba da wasu ƴan ƙwayoyi masu rage kumburi, tac ce za su ba Inna sauƙi na ƴan makonni, ba su warkarwa. Da munka koma gida Inna ba ta tambayi makonni nawa ba. Abu guda tac ce: "A kawo min Yaya. Ba ni zuwa gaban Ubangiji da ƙishin Yaya bisa kaina."

Baba ba shi iya barinta, kuma ya san Tama ba a sauraren maganatai yadda za a saurari jinin gida. Ni nit tahi ranar kasuwa, bayan wata tsohuwar mota tsakanin buhunan gishiri. Na iske Kawu cikin hwadama shina dashen albasa, ƙahwa cikin laka. Na durƙusa nig gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Duk hanya na shirya maganata, amma da nib buɗe baki sai ta zube gaba ɗaya ba kai ba gindi, nono, jini, hagu, masu hidima, hitila. Yac ce, "Tsaya, ɗiyata. Makauniya ta?"

"A'a Kawu, tana gani."

"Ta ga Maiguwa?"

"Ta gan shi."

"Ta ga zogale?"

"Ta gani."

"To ni ɗai na ban kai zogale ba." Ya ci gaba da dashe. Yac ce, "Nono gabas, ciwo yamma? An yanke abu an binne shekara biyu, yanzu ku ce ya hau kai. Ku ce dai ta tuba, ya hi sauƙi."

Kuka ya zo min amma nid danne, na zauna bakin hwadama nis sake ɗaukowa daga hwarko a hankali yadda Malam Shadrak yay yi. Nic ce ɗan iri na, ƙarami, ido ba shi ganinai, ya kwanta shiru shekara biyu. Nic ce ba shi iya rayuwa shi ɗai, sai ya liƙe ga masu ba ƙwaƙwalwa abinci, su kuwa ba su san baƙon mugu na ba, suna ta ba shi, shi na girma ita tana ramewa.

Hannun Kawu ya tsaya da albasa guda ciki. Yac ce, "Sake hwaɗi."

Na sake.

Yac ce, "Ƙuduji na."

Duk wanda yat taɓa noma ya san ƙuduji, ciyawar nan mai jan hure da ka kashe hatsi. Kawu yac ce, awa da kainai shika magana, "Irinai na kwance cikin ƙasa shekara da shekaru bai tsira ba, sai saiwar hatsi ta zo kusa. Ita ka tada shi, ita ka shayar da shi. Ranar da kag ga hure an riga an gama da kai tun ƙasa." Sannan yac ce in je gida a ba ni hura, mota na tashi da la'asar. Bai ce zai zo ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Na dawo Inna tac ce, "Mi yac ce?" Nic ce, "Yac ce ƙuduji na." Ta juya huska ga bango.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, mun hitar da ita rumhwa ta sha iska, ta jingina ga bango da matashi. Sai ga Kawu, Maiguwa na bayanai awa wanda anka jawo da igiya. Kawu ya sa yatsa ga baki, ya hana mu magana, ya hana Maiguwa sallama, abin da ban taɓa ganin an iya ba. Ya zo ya zauna wurinai na hagu, kusa da ita har gwiwa na taɓa tabarmarta. Inna na kallon hanya. Ya ɗaga hannu ya kaɗa. Ya kawo shi dab da idonta ya kaɗa. Inna tac ce, "Murna, wancan Maiguwa na nika gani tsaye? Shi ɗai yaz zo?"

Kawu ya sauke hannu. Bai miƙe tsaye ba, bisa gwiwa yaz zagaya ta gabanta, babban mutum mai jikoki, riga na jan ƙasa, har yak kai gehen dama yaz zauna ya ɗaure huska, ko dai in ce ya yi ƙoƙari.

Inna ta kalle shi. Ta miƙa min hannu, na gane, niɗ ɗebo ruwa cikin ƙwarya. Na so in riƙa mata tac ce, "Saki." Hannun hagu ba shi aiki, da dama ɗai tat tallabe, ƙwarya na karkata, rabin ruwa ya zube bisa zanenta da rigar Kawu. Ya sa hannu biyu ya karɓa yash shanye har da ɗaga ƙwarya sama.

Yac ce, "Yanzu nig gan ki, Cima. Ina gajiya?"

Tac ce, "Yaya, kai ma sai ka zauna inda ba ni gani? Tsuhwa bai hana ka wasan yara ba?"

Yac ce, "Ke kin canza ido ba ki aiko an hwaɗa min ba."

Sunka yi dariya, sunka yi kuka, Baba ya shige ɗaki don kada a ga nashi. Kawu ya waiwaya yac ce, "Maiguwa, ka gani da idonka?" Maiguwa yac ce ya gani. "To kai kak kai wancan labari Tama, kai za ka kai wanga. Gida gida. Ka hwara da gidan da kah hwara." Inna tac ce a ba Maiguwa ruwa tukuna, ba a tahiya da ƙishi.

Kawu bai koma ba. Ya bar albasa ga ɗiyanai, ya shimhiɗa buzunai gehen dama na gadon Inna, nan shika salla, nan shika cin tuwo. Kwana goma sha shida yay yi. Daga baya magana ta ɗauke mata, amma in ya ɗiga mata ruwa da ludayi tana haɗiyewa, in ni ta sai ta ruhe baki. Ta rasu kwana huɗu bayan Nowel, wato Kirsimeti, da rana tsaka, shekarunta arba'in da ukku.

Ranar biso mutanen Tama sun cika mota biyu, har da waɗanda sunka rataye ƙoƙon nan ga danga. Da anka dawo daga maƙabarta rana ta yi zahi, jama'a sun taru ƙarƙashin rumhwa, ni kuwa ba ni da ƙarhin komi. Kawu ya naɗe hannun riga yaɗ ɗauki ƙwaryar Inna ya bi su ɗaya ɗaya, Pasto, liman na Tama, matan zumunta, Bahillata, kowa da ƙwarya guda. Da yag gama ya tsaya ya duba dama, ya juya jikinai duka ya duba hagu, sannan yac ce min, "Ɗiyata, randa ta kusa ƙarewa. Ina bokitin?"